Famfon Gidan Injiniya

Tun da maigidan ya ajiye tuƙin bas ya dawo zaman gida, ya sayi sukundireba mai ɗan ƙwan fitila a gindi, matarsa ba ta ƙara hutawa ba. 'Yan layi suka laƙaba masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Ya sauya soket, ya ƙara makunni, ya ja waya daga falo har banɗaki ya sa hita na ɗuma ruwa. Makunnin da ke ƙofar kicin, fankar ɗaki yake tayarwa. Na ɗakin kuwa har yau ba a gano aikinsa ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Famfon kicin ne ya fara cizo. In hita na kunne ka taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, sai ka ji zirr har kafaɗa. Da ta yi ƙorafi, ya ce tsufa ne, jijiyoyinta ne ke motsi. Da famfon ya cije shi shi ma, sai ya kafa doka: a sa silifas na roba, a naɗe hannu da busasshen tsumma, sannan a murɗa. Haka baiwar Allah ta yi ta wanke-wanke wata da watanni, har baƙi take ja wa kunne kamar mai mugun kare a gida.

Ran nan 'yarsu ta kawo takwara, jikar da aka sa wa sunan matar, wadda take ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Ana can ana hira yarinyar ta ja kujera, ta hau ƙafa ba takalmi, ta kama famfo. Allah ya taƙaita, iyakarta ihu da jan tafin hannu. 'Yar ta miƙe ta wuce ubanta. Ta saɓi yarinyar, sai a bakin ƙofa ta juyo.

"Umma, ba za ta sake tako gidan nan ba sai mai duba wayarin na hukuma ya zo ya duba. In kun so ganinta, ku zo can."

Can ɗin kuwa ƙololuwar bene ne, gwiwoyin matar sun daɗe da yin sallama da matattakala.

Matar ta lallaɓi maigidan, ta yi fushi, ta sake lallaɓawa. Ya ce shi da ya shekara da shekaru yana gyara wayar bas a tsakiyar daji ba mai duba masa, yanzu ne yaron da aka haifa jiya zai zo ya koya masa? Wuta ai wuta ce. Ta gaji da jin wannan karatun. Gidan ya yi mata shiru, ba mai ɓarar mata da gishiri, ba mai ɓoye mata ɗankwali. Sai ta daina roƙo, ta aika aka kira mutumin.

Mai dubawar ya zo da jakarsa da tsani, fuskarsa irin ta wanda ya ga abubuwa da yawa a silin ɗin mutane. Ya hau, ya daɗe, ya sauko kansa duk yanar gizo, ya zauna a kan tsanin yana share gumi. Ya tambayi wanda ya yi aikin. Matar ta yi wuf ta ce wani ne, ya ma bar garin. Rufin asiri take nema wa mijin, amma ina, maigidan ba zai iya jin an ba wani aikinsa ba. Ya gyara tsayuwa ya ce shi ne. Har ya yi bayani: waya ɗaya ya kai wa hita, ɗayar ya ɗaure ta a bututun ruwa, yadda ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota. Ga sauƙi, ga tsimin waya.

"Baba," in ji mutumin a hankali, "wutar batir tsunguli take yi. Wannan kisa take yi. Kuma bututun nan har banɗakinku ya shiga."

Ya tashi daga kan tsanin. Ya je wajen mita ya yanke wutar gidan, ya ce ba za a mayar ba sai mai lasisi ya sake wayarin ɗin gaba ɗaya, shi kuma ya dawo ya duba.

Maigidan ya ɗauki kujerarsa ya koma ƙofar gida, ya daina yi mata magana sai da hannu. Firij ya yi ta zubar da ruwa, ita ta yi ta gogewa. Ta kai wayarta maƙwabta aka yi mata caji, ta kira 'yar ta zayyana mata komai, har da yanar da ke kan mutumin. 'Yar ta ce to tunda babu wuta, babu abin tsoro.

Washegari aka kawo takwara. Zafi ya hana yarinyar barcin rana, kakar ta yago kwali ta zauna tana yi mata fifita, in wannan hannun ya sage ta koma wancan. Maigidan dai ya rantse ba zai kira mai lasisi ba, ko za a shekara a haka. Maƙwabta na ta zuga ta ta matsa masa. Ta ce za ta yi, bari dai ta ɗan huta tukuna.