Sista Tana Son Babban Inji

Shekara talatin da biyu Sista ta yi tana aikin jinya, kuma ko da ta yi ritaya babu wanda ya daina kiran ta Sista, har mijinta. A watan da ta ajiye aiki ta sayi motar da ta daɗe tana mafarki: doguwa, baƙa wuluk, kujerun fata ruwan madara. In ka shiga ka rufe ƙofa, hayaniyar titi ɗaukewa take yi ɗif.

Sati uku tana lallaɓa ta a cikin gari, tana jin daɗinta. Ranar da ta hau babban titi za ta gidan 'yarta ne abin ya ɓaci. Ta taka totur don ta wuce wata motar kwasar shara, motarta ta yi gurnani, ta ɗan yunƙura, ta ƙi gaba. Suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, har direban sharar ya leƙo ya ɗaga mata hannu yana dariya.

Da yamma ta kira ƙaninta, autansu, ma'aikacin banki wanda bai da hira sai ta mota.

"Yaya, ai na gaya miki," in ji Auta, yana zagaya motar a tsakar gida. "Jikin giwa ne, zuciyar akuya. Filogi huɗu kacal! Akwai wani inji mai filogi shida da na gani, in aka ɗora miki shi, wallahi sai kin riƙe ɗankwalinki."

Mijinta, Malam, kafinta ne. Yana zaune a bakin ƙofa yana goge ƙafar kujera, bai ko ɗago ba ya ce, "Ni dai ina ganin motar nan lafiyarta ƙalau. Ina za ki da gudu, Sista?"

"Malam, motar shara fa! Mutumin har hannu ya ɗaga mini!"

Ranar Asabar da safe su ukun suka nufi gareji. Malam bai so zuwa ba, amma da ya ga da gaske take, sai ya sa hula ya shiga baya. Bakaniken dattijo ne siriri, ana ce masa Mai Kunne, don kafin ya taɓa mota sai ya saurare ta tukuna. Ya sa aka buɗe bonet, ya karkata kai, ya rufe ido.

"Injin nan bai yi mini ƙorafin komai ba," ya ce.

Auta ya karɓe zancen, ya yi ta bayanin filogi shida, hannu na tashi sama. Mai Kunne ya bar shi ya gama, sannan ya tsuguna ya dafa tayar gaba.

"Sista, motarki mai jan gaba ce. Tayoyin nan biyu su ke jan motar, su ne kuma ke juya ta. Aiki biyu a kan mutum ɗaya. Kin taɓa riƙe ɗaki biyu na marasa lafiya ke kaɗai?"

"Sau nawa!"

"To haka suke ji. In kika ƙara musu ƙarfin da ya wuce ƙima, kina taka totur nauyin motar zai koma baya, gaban ya yi sakayau, tayoyin su kama ihu. Sitiyarin kuma ya dinga kokawa da ke. Ga giyabos, akwatin giya, shi ma ba a tambaye shi ba."

"Ka ji ko?" in ji Malam da sauri daga kan benci. "Mu tafi gida."

"Tsoratar da ke kawai yake yi, Yaya," in ji Auta.

Mai Kunne ya yi murmushi. Ya nuna wata mota a ƙarshen rumfa, irin ta Sista sak amma tsohuwa, ƙofa ɗaya ja, sauran jikin toka-toka. "Waccan tawa ce. Ni ma na taɓa yin irin tunanin ƙanenki, na ɗora mata babban injin. Zo ki ji da hannunki."

Bayan garejin akwai wani titi miƙaƙƙe da ya ƙare a ƙofar wata masana'anta da aka rufe, ba kowa a kansa. Sista ta gyara kujera, ta ɗaura bel. Mai Kunne ya zauna gefenta, Auta a baya. Malam ya ce shi gwiwarsa na ciwo.

"Riƙe da hannu biyu," in ji Mai Kunne. "Taka."

Ta taka. Tayoyin gaba suka yi ƙara ƙiiii, hayaƙin roba ya tashi, sitiyarin ya fizge ta dama kamar akuyar da ta hango ganye. Ta murɗo shi, ya fizge hagu. Bayanta ya manne da kujera. Auta ya saki salati, wayarsa ta faɗi ƙarƙashin kujera. Sista kuwa dariya ta ɓarke da ita, irin wadda rabonta da yi tun tana ɗaliba.

"Kai! Kai! Kai! Wannan ita ce mota!"

"Yaya, birki! Ga ƙofar can!"

Ta tsaya lafiya, da sauran fili mai yawa. Idonta sai ƙyalli yake.

"Kin ji kokawar?" in ji Mai Kunne.

"Na ji. Ina so!"

Dattijon ya dafe kai. Ya kawo ta ne don ta tsorata, ga shi ya ƙara mata ƙaimi. Auta kuwa, da ya fito, sai da ya jingina da bango kafin ya ce, "To... a dai sake tunani, Yaya."

"Kafin a sauke inji," in ji Mai Kunne, "bari in ja taki in ji abin da ke damun ta."

Malam ya miƙe tsaye. "Ba sai ka wahalar da kanka ba. Rana ta yi."

Mai Kunne ya riga ya shiga. Ya tayar, ya taka totur a tsaye, ya saki, ya sake takawa. Ya ɗaure fuska. Ya kashe motar, ya fito, ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya ɗaga shimfiɗar roba. Aka ji yana kwance wani abu. Da ya ɗago, ga wani ɗan guntun katako a tafin hannunsa, bai fi akwatin ashana ba.

"Ga ɓarawon ƙarfinki. Totur ɗin rabi kawai yake sauka, sai ya tokare da wannan."

Sista ta karɓa ta juya shi. An fere shi daidai da lanƙwasar wurin, an goge shi sumul, an shafa masa baƙin fenti don kada ya fito, har da ramukan kusoshi biyu a jere.

"Wannan ba faɗowa ya yi ba," in ji Mai Kunne. "Aikin gwani ne. Ni ban taɓa ganin..." Sai ya ga inda Sista take kallo.

Malam ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Malam?"

"Na'am."

"Fentin kujerun falo ne wannan ko?"

"Ragowarsa ne." Ya share gumi. "Sista, kin tuna ranar da maƙwabciyarmu ta fara naƙuda, kika ɗauke ta a tsohuwar motarmu, ina baya ina riƙe da jaka? Shekara ashirin ke nan, har yau in na tuna kwanar nan ta gaban asibiti sai na yi salati. Waccan fa akwalar mota ce. Da na ga wannan, sai na ce matar nan tashi sama za ta yi, ta bar ni da kujeru."

Auta ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Mai Kunne ya juya baya yana tari. Sista ta so ta yi fushi, ta haɗe rai, amma bakinta ya ƙi ba ta haɗin kai.

"Sati uku ina zagin motar mutane! Shiga gaba."

"Gwiwata..."

"Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san gwiwar. Shiga."

Ya shiga, ya ɗaura bel, ya kama mariƙin saman ƙofa da hannu biyu. Ta hau titin nan, ta daidaita, ta taka totur har ƙasa.

Babu ihun taya, babu kokawa. Motar ta ɗan ja numfashi, ta sauya giya, sannan ta miƙe sumul kamar an zuba ruwa a gangare. Sitiyarin na kwance a hannunta lafiya lau.

"Sittin," in ji Malam, idonsa a kan allurar maleji. "Saba'in. Sista, tamanin! Tamanin fa!" Ya saki hannu ɗaya. "Ikon Allah, ko girgiza babu! Casa'in!"

Ta sassauta tun da nisa, ta juyo a hankali suka dawo. Mai Kunne da Auta na tsaye a bakin titi. Ta sauke gilashi.

"A bar mini injina," ta ce. "Ashe ƙarfin na nan, a gida aka ɗaure shi."

"Tayoyin gaban kawai za mu sauya nan gaba, a sa masu kama ƙasa sosai," in ji Mai Kunne. "Shi ke nan abin da take buƙata."

Auta ya zaro waya zai kira mai injin ya ce an fasa. Sista ta kai hannu za ta kashe motar, Malam ya dafa hannunta.

"Dakata tukuna. Ɗazu ban kalli hanya ba, allura kawai na yi ta kallo." Ya leƙa ta taga, hularsa a karkace. "Auta, bar wayar nan, shigo baya! Sista, juya mu sake."