Matakin da Farfesa Ta Tsallake

Ana gab da fara lacca Farfesa ta rufe ƙofar ofishinta, ta tsaya a gaban allo. Masana lissafi daga jami'o'i da dama sun fara taruwa a ɗakin taro na ƙasa, domin yau za ta sanar da cewa ta warware tambayar da ta cinye mata rabin rayuwa: me ya sa wani jerin lambobi, komai nisan da ya yi, ba ya taɓa ƙetare wata iyaka. Kowa ya yarda haka abin yake. Hujja ce babu, kuma a sana'arsu abin da ba shi da hujja hira ce kawai.

Yayanta na zaune a kujerar baƙi. Rufe shagonsa na tabarau ya yi ya zo ganin ƙanwarsa.

"Auta, kin kalli allon nan har ya fara jin kunya," in ji shi. "Zauna ki sha ruwa mana."

"Yaya, bari in gama."

Tana da wata ɗabi'a da ɗalibai ke kwaikwayo a bayan idonta. Kafin ta faɗi sakamako a gaban jama'a, sai ta bi hujjar daga ƙarshe zuwa farko, ta ɗora yatsa a kan kowane layi ta tambaye shi wa ya haife shi. Yatsan ya yi ta hawa har ya kai tsakiyar allon. Wannan layin daga takardar binciken Dogo ta ɗauko shi, tsohon ɗalibinta da yanzu yake koyarwa a sashen. Ba ta taɓa tsananta wa layin da tambaya ba, tunda mujalla ta riga ta buga shi.

Sai ga Dogon ya leƙo, sanye da sabuwar riga da har yanzu shatin ninki yake jikinta. Takardar nan ce kwamiti ke dubawa don a tabbatar masa da aiki, kuma shugaban kwamitin na zaune a ƙasa.

"Malama, ɗaki ya cika."

"Shigo. Tuna min, a takardarka ta yaya ka nuna wannan adadin ba ya wuce wancan?"

Ya yi murmushi. "Ai wannan naku ne, Malama."

"Nawa?"

"A ajin da kuka ba mu, shekarata ta farko. Kuka rubuta shi a gefen allo, kuka ce a fili yake, za ku rubuta shi da kyau daga baya. Haka na sa a takardar, cewa daga gare ku yake."

Yatsanta na nan a kan layin. Ta tuna ajin. Ta faɗi maganar ne domin a lokacin ta ɗauka babbar tambayar ta kusa warwaruwa, kuma in ta warwaru, wannan ƙaramin zai biyo bayanta. Mai tace takardar a mujalla ya ga sunanta ya wuce. Ita kuma ta ga tambarin mujalla ta wuce.

"Dogo," ta ce a hankali, "ban taɓa rubuta shi ba. Daga babban sakamakon yake fitowa."

Murmushin ya ɗan daɗe a fuskarsa kafin ya gane.

"Wai me ya faru?" Yaya ya tambaya. "Kun yi tsuru-tsuru kamar an aiko da rasuwa."

"Na jingina da shi, shi kuma ya jingina da ni. Babu wanda ƙafarsa ke ƙasa."

Ta ɗauki alli ta juya ga ɓangaren allon da babu rubutu. Dogo ya ɗauki wani. Suka gwada ta wata hanya, ta toshe a layi na huɗu. Suka gwada raba lambobin gida biyu, gida ɗaya ya yarda, ɗayan ya ƙi. Allin Dogo ya karye, ya bar guntun a ƙasa. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, muryar shugaban sashe ta ce baƙi suna jira, ranki ya daɗe.

"Muna tafe," ta amsa.

Yaya ya matso, ya rage murya. "To abin ƙarya ne?"

"Mai yiwuwa gaskiya ne."

"Shi ke nan! Ki bi ta kansa da sauri. Cikin wannan tsutsar rubutun wa zai gani?"

"Yau babu. Sai wani yaro a wata ƙasa ya gina shekarunsa a kai, kamar yadda wannan ya yi."

"Wannan ɗin fa?" Ya nuna Dogo da haɓa. "Matarsa ta kusa sauka, da bakinsa ya gaya min ɗazu. Ke an gama gina ki, Auta. Shi ko ginshiƙi bai bushe ba."

Ta dubi Dogo. Shi kuwa ƙasa yake kallo, yana goge farin alli a jikin sabuwar rigar ba tare da ya sani ba. Bai roƙe ta komai ba. Da ya roƙa ma da ya fi mata sauƙi.

Suka sauka matakala zuwa ɗakin taro.

An rubuta babban sakamakon da manyan haruffa a allon dama tun safe. Aka tafa mata, ta jira tafin ya mutu. Ta je allon hagu ta rubuta layin nan guda, ta zagaye shi.

"Na gayyace ku ne in nuna muku hujja," ta ce. "Ba ni da ita. Komai ya rataya a kan wannan layin, shi kuma ni na faɗe shi a aji na ce a fili yake. Ba a fili yake ba."

Shugaban kwamiti ya cire tabarau.

"Farfesa, ba wannan ba ne a takardar abokin aikinmu?"

"Shi ne. Ɗalibi ya yarda da malamarsa. Sauran abin da ke cikin takardar nasa ne, kuma lafiya yake."

"Amma babban sakamakon takardar..."

Dogo ya miƙe daga kujerar gaba. "Bai tsaya ba, ranka ya daɗe. Gobe zan rubuta wa mujallar."

Shugaban ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce kwamiti zai ɗage zamansa, ya koma ya zauna.

Can baya wata tsohuwar masaniya, wadda ta zo da sanda, ta ɗaga hannu.

"Kun gwada raba lambobin gida biyu?"

"Gida ɗaya ya ƙi," in ji Dogo.

"To nuna mana inda ya ƙi. Goge wancan allon, ka samu wuri."

Dogo ya hau, ya ɗauki magogi. Ya fara share manyan haruffan daga sama.