Ranar da San Lorenzo Ya Fita Shan Iska

Itzel Zamudio tana saman tsani tana cire wa na'urar jin hayaƙi hular wankan da masu girki suka rufe ta da ita, ta huɗu ke nan tun safe, sai ta ji muryar gwaggonta daga ƙasa.

"Injiniya, ki bar mata hularta mana. Da an ɗora mai a wuta sai ta kama ihu kamar an taka mata jela."

"Aikinta ke nan, Gwaggo Chonita."

"To ta nemi wani. Mu nan girki muke yi."

Wata takwas Itzel ta yi tana tsara wa kasuwar unguwarsu a Puebla kariya daga gobara. 'Yan kasuwa sun yaba ƙwarai da bututun ruwan da ta sa a rufi, don ba su taɓa samun wurin rataye barkono mai kyau haka ba. Sau biyu ta kaɗa ƙararrawa don gwajin fita, ko mutum ɗaya bai bar tukunyarsa ba. Duk wannan ta shanye. Abin da ya gagare ta shi ne ƙofar gudu ta gabas. Ƙarfe sha biyu jami'in hukuma zai zo, kuma in ba ta sa hannu cewa ƙofar tana buɗuwa ba, yau za a garƙame kasuwar, rumfa ɗari biyu, har da ta gwaggon da ta raine ta.

Ƙofar kuwa San Lorenzo ne ya tare ta. Mutum-mutumin waliyyin masu girki ne, tsayin mutum, a kan teburin katako, kyandir kusan hamsin na ci a gabansa. Shekara talatin bai matsa ko taku ɗaya ba.

"Ki sa hannu kawai, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Wa ya fi shi sanin wuta? Shi fa gasa shi aka yi."

"Shi ya sa nake so mutane su fita kafin su san abin da ya sani."

Masu rumfunan kusa suka tuntsire da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. "A nan aka tsinci gawar kawunki Evaristo ranar da kasuwar nan ta yi gobara. A nan, daidai inda ƙafar waliyyin take yanzu. Shi ya sa muka ajiye shi."

Itzel ta sauko daga tsani. Labarin nan ne ya kai ta wannan karatu, amma ba ta taɓa samun ƙarfin halin faɗa ba. Yau kuwa sai ta ce, "Gwaggo, ba rashin waliyyi ya kashe Kawu ba. Kwaɗo ne a jikin ƙofar. Yanzu kuma tebur ne."

Gwaggo ta daɗe tana goge hannunta da bai jiƙe ba. Can ta ce, "Ba a ture waliyyi kamar buhun masara. In zai tashi, da rakiya zai tashi."

Ta ɗauki ludayi ta dinga buga murfin tukunya. "Jama'a! San Lorenzo zai fita shan iska!"

Abin da ƙararrawa ta kasa, ludayi ya yi. Mata suka kashe murhu, mahauta suka ajiye wuƙa, aka hure kyandir. Maza huɗu suka ɗaga tebur, Itzel ta danna ƙarfen ƙofar, haske ya shigo. Daidai nan jami'in, Don Fulgencio, ya iso da takardunsa. Kafin ya ce wani abu wani mahauci ya saka masa kusurwar tebur a kafaɗa.

"Riƙe nan, ranka ya daɗe, bayana ya riƙe."

"Ni dubawa na zo yi!"

"To ga shi kana dubawa ta kusa."

Kasuwa kaf ta bi waliyyi waje a layi, ba turereniya, ana waƙa. Itzel ta duba agogonta: minti biyu da daƙiƙa arba'in. Lissafinta na wata takwas minti huɗu ya ce. Haushi da daɗi suka kama ta lokaci guda.

Da aka dawo, aka sauke San Lorenzo a gefen ƙofar, ta hagu. Don Fulgencio ya buga hatimi yana tausa kafaɗa, Itzel ta sa hannu.

Gwaggo Chonita ta tsaya ita kaɗai a bakin ƙofar. Ta danna ƙarfen da yatsa biyu, ƙofar ta buɗe. Ta rufe, ta sake dannawa.

"Shi ke nan? Haka kawai take buɗewa?"

"Haka kawai, Gwaggo."

Can ciki wata ta mayar da mai kan wuta, na'urar ta ɓarke da ihu. Mai suyar ta miƙo hular wanka tana neman tsani. Gwaggo ta karɓe hular ta cusa a aljihu.

"Ƙyale ta," ta ce. "Ta yi ihunta."