Motar Gasil

"Ki riƙe ƙafarsa, Hure, tana jan ƙasa!"

Ni ce a baya ina tura keken guragun, ita tana gefe tana tallafe da ƙafafun mijinta da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga gidajenmu zuwa bakin kwalta tsakuwa ce zalla, keken kuma ya ga duniya. Da shi Baba Maman ya yi rabin rayuwarsa yana tura alhazai tsakanin Safa da Marwa. Yau shi ne a ciki, mata biyu suna nishi a kansa, amma bakinsa bai mutu ba.

"Hadijatu, ba haka aka turi ba," in ji shi. "Ɗaga gaba, ki bar baya ta ɗauki nauyi. Da alhaji na, da tuni ya sauka ya bar ki."

"To Baba, sauka mana."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da Hure ta dafa masa ƙirji.

Ranar wankin ƙodarsa ce, abin da kowa a nan ke kira gasil. Wata ƙungiyar agaji ce ke yi masa a wani asibiti kusa da unguwar Mansur, kuma wannan ne karo na uku a jere da za mu nemi mota. Biyun farko ba mu samu ba. Likita ya riga ya faɗa masa ƙarara cewa in aka tsallake na uku, ruwan zai hau ƙirji.

Muka tsaya a bakin titi, Hure ta buɗe mayafinta ta yi masa inuwa. Watan Zulƙida ne, an cika hanya da shingen bincike saboda aikin Hajji, kuma direban da aka kama da marar takarda a motarsa ya shiga uku. Baba Maman yana da iƙama, takardar zamansa lafiya lau take, amma wa zai tsaya ya tambaya? Baƙaƙen tsofaffi uku a bakin hanya, kowa ya ganmu sai ya ƙara wuta. Ko 'yan kaddad, masu ɗaukar fasinja a ɓoye, sun daina leƙowa.

Sai ga ayarin manyan bas sun nufi Makka, sababbi fil, kujerunsu ko leda ba a cire ba. Babu kowa a ciki sai direbobi. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta yi tsami. Iskarsu kawai muka sha.

Da can ba mu san wannan wahalar ba. A kan dutsen bayan Mansur muke, ka sauko ka sami mota, ko ka taka da ƙafa har Harami. Da aka rushe unguwar, haya a cikin gari ta fi ƙarfinmu, muka watsu. Mu muka faɗo Ummul Hasa, ƙauyen da ke can kudu, inda babu komai sai ɗakunan bulo, garken awakin Larabawa da masallaci guda. Marwan, ɗan wanda ya tsaya wa Baba Maman kan takarda, shi ke zuwa da motarsa ya kai shi asibiti. Haifaffen nan ne, jikan Hausawa, yaron kirki. To bana aikinsa ya tura shi Muzdalifa tsara motocin alhazai, ko barci can yake yi.

Bara waccan liman ya sanar bayan Juma'a cewa an ware kuɗi domin a haɗa ƙauyukan kudu da bas, har cikin gari. Ranar Hure ta yi guɗa. Da Marwan ya zo sai ya rage mana murna. Ya dubi Baba Maman, wanda yake kira Ammi, wato baffa.

"Ya Ammi, kuɗin ba na bas ba ne. Na dirasa ne."

"Dirasa?" in ji Baba Maman. "Motar ce za a sa makaranta?"

"La, la. Za su yi nazari, su ƙirga mutane, su zana hanya. Ba'daini, daga baya, sai bas."

Tun daga ranar, duk wanda ya tambayi labarin bas sai Baba Maman ya ce tana karatu, ba ta sauke ba tukuna.

Masu ƙirgar sun zo kuwa. Wani kamfani ne aka ba kwangilar, ya turo mutum biyu cikin farar mota mai baƙin gilashi, da hantsi, babu sanarwa, babu mai jin Hausa ko guda. Wata mata ta hango su ta ƙwala, "Jawazat!" Wato masu kamen marasa takarda. Kafin motar ta tsaya ƙauyen ya mutu murus. Ni cikin awaki na kwanta, kuma ko gobe suka dawo a haka, can zan koma. Wanda bai taɓa kwana da tsoron a ɗora shi a jirgi da kayan jikinsa ba, kada ya zo ya koya mini hankali.

Baba Maman kaɗai ya fito. Ya sa farar jallabiyarsa, ya dafa musu shayi, ya ce musu mutane suna da yawa a nan, akwai masu aikatau a gidaje, akwai masu sayar da abinci, duk kullum sai sun shiga gari. Suka ce suna ina? Ya dubi ƙofofin da ke rufe, ya san abin da ke bayan kowace. Ya ce sun tafi kasuwa.

Da sun ɗaga ido sun ga igiyoyin shanya, da sun ga takalman yara a bakin kowane ɗaki. Ba su duba ba. Suka latsa allunansu, suka shanye shayin, suka tafi. Bayan watanni Marwan ya karanto mana sakamakon a wayarsa: Ummul Hasa ba ta da masu buƙatar bas, za a sake duba ta a zagaye na biyu na nazarin. Har da taswira mai launi, an zana layin ya bi ta gefenmu ya wuce.

Rana ta take, leɓɓansa suka bushe, dole muka juya da shi gida. A hanya na ce a kira motar asibiti kawai.

"A'a," ya ce. "In ta zo, wasu na biye da ita. Ba a kwashe unguwa don ƙodata."

"Baba, ranka fa!"

"Na ce a'a, ɗiyata."

Ina cikin ɗora tukunya bayan Azahar Hure ta faɗo ɗakina, fuskarta a washe. Ta ce ta ga wata takarda manne a bangon masallaci, da hoton mota da lambar waya. Ba ta iya karatun Larabci ba, amma wani mai kiwo ya karanta mata kalma biyu: gasil, da majjanan, wato kyauta.

"Na kira, Hadijatu! Na ce sayyara, gasil, shaiba, wato mota, wanki, tsoho, a Ummul Hasa. Mutumin kirki, har addu'a ya yi ta yi mini. Ya ce yanzu-yanzu."

Ban yarda ba, sai da na ji ƙarar inji. Ko shinkafata ba ta tsotse ba. Farar mota ce doguwa, ta bar kwalta ta hau tsakuwar nan ba tare da ta yi tambaya ba, ta tsaya daidai ƙofarsu. Direban ya sauko, saurayi ne baƙi kamar mu, ya buɗe baya ya jawo makara da koren mayafi. Ya sunkuyar da kai ya yi wa Hure ta'aziyya da Larabci, sannan ya gwada da 'yar Hausarsa.

"Sannu, Khala. Allah ya jiƙan shi. Ina mamaci?"

Daga cikin ɗaki muryar Baba Maman ta fito. "Ga ni nan, yaro. Ban ida ba tukuna."

Saurayin ya saki makarar. Hure ta dube ni, ta dubi koren mayafin, sai ta zauna a ƙasa daɓas. Gasil ɗin da ke jikin takardar na wankan gawa ne. Motar masu yi wa mamata sutura ta kira.

Ni kuwa abin da ya taso mini ba kuka ba ne.

"Ashe akwai mota!" na ce. "Ashe akwai hanya! Ashe an san sunan ƙauyen nan! Mutum yana numfashi mun yi sati muna shanya shi a titi, ko kare bai tsaya ba. An ce ya mutu, kafin tukunya ta tafasa ga ku a ƙofa!"

"Khala, wallahi ni direba ne kawai, ba ni da..."

"Yaya sunanka?"

"Bandar."

"Bandar, asibiti za ka kai shi."

"Mamnu, Khala, an hana. Motar amwat ce, ta matattu. Mai rai ba ya shiga. In sun gani a shinge, aikina khalas."

Ya leƙa ɗakin don ya ba da haƙuri, sai ya tsaya. Baba Maman yana jingine da bango, yana jan numfashi da ƙyar, ana jin ruwa na ƙara a ƙirjinsa. Suka kalli juna.

"Kakanka ɗan ina ne?" in ji Baba Maman.

"Kakata. Daga Sakkwato, suka ce."

"To ka lulluɓe ni. Na iya shiru."

Bandar ya daɗe yana murza makullin motar a hannunsa. Daga baya ya ce, "Yalla," ya ɗauko makarar.

Shi da wani mai kiwo suka ɗora shi. Da Bandar ya ja koren mayafin zai rufe fuskar, Hure ta riƙe hannunsa.

"Kada ka rufe mai ido. Don Allah."

"Sai mun kusa shinge, Khala. Minti ɗaya kawai."

Ta koma ɗaki da gudu ta fito da mayafinta da jakar magungunansa, ta sa ƙafa za ta hau. Bandar ya tambaye ta a hankali, "Iƙama?" Ba ta da ita. Umara ta kawo ta ƙasar nan tun tana da ƙuruciya, ba ta koma ba, kuma ba a taɓa rubuta sunanta a ko'ina ba. Ta sauke ƙafar. Ta ajiye jakar a gefensa, ta gyara masa hula.

"Hure," ya ce, "ki sauke tuhwahin nan daga igiya, rana na cinye su."

Aka rufe ƙofar.

Bayan Magariba Marwan ya kira wayata. Da farko ban gane me yake faɗa ba, Larabci yake yi cikin kuka, ga ƙarar injuna a bayansa. Sai ya tattaro Hausarsa.

"Khala Hadijatu, Ammi ya tafi. Sun wuce shinge lafiya, ba wanda ya buɗe. A ƙofar asibiti Bandar ya ɗaga mayafi, ya ga khalas." Ya ja hanci. "Ni ina nan, bas gabana, bas bayana, duk babu kowa ciki. Wallahi babu kowa, Khala."

Ban iya ba shi haƙuri ba. Ni ma ba ni da shi.

Likita ya rubuta takarda, komai ya tafi daidai ba tare da jinkiri ba. Motar da ta kai shi ita ta wuce da shi wurin wanka. Marwan ya ce washegari bayan Azahar za a sallace shi a Harami, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya rasu a garin nan.

Washegarin matan ƙauyen suka cika ɗakin Hure har tsakar gida, matan nan da aka ce babu su. Aka kunna talabijin, tashar da ke nuna Harami. Hure ta shiga bayan labule ta fito sanye da baƙar abayarta ta fita unguwa, da safa, da takalmi, jakarta a kafaɗa.

Liman ya sallame. Sai ladan ya ɗaga murya yana kiran sallar mamata. Ba a nuna gawarwakin ba, Ka'aba kawai ake nunawa daga sama, da fararen sahu kewaye da ita. Hure ta matsa gaban talabijin ɗin har ta kusa taɓa shi, ta daidaita ƙafafunta a kan tabarma, ta ɗaga hannu tare da kabbarar farko.