Rigar Delbert

Sunana Orpha Tolliver. Ban yi makaranta ba, duk inda rubutun nan ya karkace ku yi haƙuri da shi. Shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin tufafi na wani kamfanin fim a Hollywood. Aikina ɓata kaya. A kawo mini riga sabuwa fil, in goge ta da bulo, in jiƙa ta da shayi, in zuba mata ruwan cakulan inda aka ce harsashi ya shiga, don a fim marar kala shi ne jini.

Ɗana Delbert kuwa faɗuwa daga doki ce sana'arsa. Duk inda kuka ga jaruminsu Cord Hallam ya yi alkafura daga sirdi, Delbert ne cikin kayansa. Takardun talla dai cewa suke Hallam da kansa yake faɗuwa. Mutumin da ko kan kujera ba ya hawa sai an riƙe masa!

Ana ɗaura waya a ƙafafun dokin na gaba, a kafe ɗaya bakin a turke, a sake shi da gudu. Inda wayar ta ƙare, nan doki zai kife. An hana wannan tun kafin yaƙin duniya, amma can cikin sahara inda ake ɗaukar fim wa zai gani? Mahayi yakan auna wayar da kansa, ya ajiye farin dutse inda zai zare ƙafa daga likkafa.

Ranar Talata, cikin watan Yuni na 1948, mutanen kamfanin suka kawo mini labari wai Delbert ya sha giya ya faɗo daga bayan mota a hanyar dawowa daga wurin ɗauka, ya mutu. Yaron da bai taɓa kai kwalba bakinsa ba. Ranar Juma'a muka binne shi, akwatin a rufe.

Litinin na koma aiki, don zaman gida zai haukata ni. Shugabarmu, Madam Ackerly, ba ta zo ba, sai sabuwar mataimakiyarta ta jefo mini riguna biyu.

"Iya, ki kwaikwayi tabon wannan a kan wannan. Da rana za a ɗauki Hallam yana tashi daga ƙasa, dole su zo ɗaya."

Haka ƙa'idar take, tabon da aka gani a faɗuwa shi za a gani a tashi. Na ɗaga tsohuwar rigar. Cakulan ba ya bushewa ya yi tauri haka, ba ya wannan ƙarnin. Daga wuya har kafaɗar hagu ta sandare kamar fata. Na juya wuyan, ga sunan da ni na ɗinka: Tolliver.

Na nufi bargar dawakai na damƙi Tiburcio, tsohon da ke kula da su, a kwala.

"Faɗa mini, ko in fasa maka kai."

"Sake ni, Orpha, ina da iyali."

"Ni ma ina da shi makon jiya."

Ya faɗa mini. Pruitt, darakta, ya sa aka rage wayar taku goma bayan Delbert ya auna, wai yana son a ga firgita ta gaske. Dokin ya kife tun ƙafar yaron na cikin likkafa, ya danne shi, ƙahon sirdi ya shige masa ƙarƙashin wuya. Dokin ya karye, yana shure-shure a kansa. Mutane suka yunƙura, Pruitt ya daka tsawa kada wanda ya shiga gaban kyamara. Sai da ya ƙirga ashirin kafin ya tsayar da ɗauka.

Na koma ɗaki na ɗauki dutsen guga daga kan wuta. Na sami su Pruitt a rumfar ɗauka, ana shafa wa Hallam ƙura a kumatu.

"Kaka, ina rigar?" in ji Pruitt. "Ko sai na aiko miki da mota?"

"Ga ta, Yallaɓai."

Na sauke masa dutsen a muƙamuƙi. Na ji ƙashin ya ba da ƙara, haƙora biyu suka faɗo kan takalminsa. Na ƙara masa a hannun da ya kare fuska, fatar ta bi ƙarfen. Jarumin naku ya ruga bayan fitila yana kiran 'yan gadi. Su huɗu suka danne ni, suka karya mini haƙarƙari biyu, amma rigar tana cikin zanena, ba su laluba tsohuwa ba.

Wata shida na yi a gidan yari. Da na fito fim ɗin yana gari, na shiga na kalla. Ba su cire faɗuwar ba, mutane har tafi suka yi. Amma da yake ba su da rigar da za su kwaikwaya, wadda ta gaje ni ta zuba cakulan a kafaɗar dama. Wanda ya faɗi, jininsa a hagu. Wanda ya tashi yana murmushi, nasa a dama.

Da na kai kukana, mai gabatar da ƙara ya ce in kawo shaida. Ku je ku sayi tikiti, ku ƙirga ashirin ɗin da kanku. Rigar tana wurina, da sunansa a wuya, kuma ban wanke ta ba. Takardar mutuwarsa har yau tana cewa mashayi ne. Ita nake so a gyara.