Lambar Garin Su Kyauta

Malama Ummulkhair ta rufe ƙofar ɗaki, ta toshe ƙasanta da tsumma don kada kukan akuyar maƙwabta ya shiga, sannan ta danna waya ta fara: "Yara, yau za mu shiga rabawa."

Haka take yi kullum da hantsi a gidanta na Gumel, tun da korona ta sa aka kulle makarantu. Ranar sallama ta nemi lambar waya wurin ɗalibanta na wani ƙauye a Sule Tankarkar. Kyauta ce ta ba ta, yarinyar da Malama ta ci wa burin shiga sakandaren kimiyya. Ta ce mata ta riƙa tara 'yan ajin suna saurara.

Duk darasin da ta tura, kafin azahar amsa ta iso: "Mun gode, Malama. Allah ya saka." Wannan amsa ta sa har wa maigidanta take yin fankama.

* * *

Da aka buɗe wa masu jarrabawa, saura 'yan kwanaki a zauna, ta rubuta lissafi a allo ta miƙa wa Kyauta alli. Yarinyar ta tsaya ƙiƙam, tafin hannunta duk kantar fartanya.

"Kyauta, ba wannan na yi ta maimaita muku ba?"

"A ina, Malama?"

Malama ta bi diddigin lambar. Ashe a garin su Kyauta, kowa aka tambaya lamba, ta Haladu mai cajin waya yake bayarwa. Da ita ake sanar da haihuwa, da ita ake sanar da rasuwa.

Malama da Kyauta suka je ƙauyen, suka same shi a rumfarsa, janareto na ta ƙugi. Ya miƙe da fara'arsa.

"Ke ce Malamar? Wallahi kin iya koyarwa! Ba darasin da ya wuce ni."

"Yaran fa, Malam Haladu?"

"Na faɗa wa baban Kyauta, ya ce a bari a gama noma. Ni kuma na ga bai kamata a bar ki ba amsa ba."

Ta so ta yi faɗa, ta rasa da wa za ta yi. Ta ce to ya kunna wa yarinyar daga farko, ko ta tsinci kaɗan.

Haladu ya sosa ƙeya. "Wayar ce ta cika, Malama, ga masu son a tura musu fim. Na ƙarshen dai yana nan."

Ya danna. Kyauta ta durƙusa ta kara kunne saboda ƙarar janareto. Muryar Malama ta fito, cike da murna:

"Alhamdu lillahi, yara, yau mun kammala komai. Kyauta, ke kam ba ni da fargaba a kanki."