Wasiƙar Surajo Kan Ƙarshen Sammai

Shekara tara Tukur yana jan hannun mahaifinsa Malam Barau zuwa masallacin Kademi, tun da idanun tsohon suka mutu. Hirarsu ba ta wuce gero da lafiyar awaki.

A damunar 1974 Surajo, ƙanin Tukur, ya zo hutu daga jami'a a Zariya. Da hantsi Tukur ya dawo ɗaukar fartanya, ya same su a zaure, tsohon har ya jingine sandarsa.

"Baba, masana sun ce komai daga wuri ɗaya ya faro," in ji Surajo. "Tun daga nan sammai ke buɗewa, tarin taurari suna ƙara nisa da juna, kamar ka barbaɗa riɗi a ƙullun waina ya kumbura."

"Ikon Allah! To za su tsaya, ko za su komo?"

"Sai na tambayi malaminmu."

Tukur bai taɓa jin mahaifinsa ya tambaye shi wani abu da irin wannan muryar ba. Ranar ya yi noma kamar da ciyawar yake faɗa.

Bayan Surajo ya koma, kullum tsohon sai ya ce, "Yaron nan bai aiko ba?"

Wasiƙar Surajo mai ɗauke da amsar ta iso ranar kasuwar Gaya. Tukur, da ya yi ajin yaƙi da jahilci, ya zauna gindin tsamiya ya haɗa baƙaƙen har ya haddace, ya cusa takardar cikin hularsa, bai gaya wa tsohon ta iso ba.

Da la'asar ya ce, "Baba, na yi tunani kan maganar nan. In nauyin abin da ke sama ya isa, zai jawo komai ya haɗe kamar farko. In bai isa ba, haka za su yi ta tafiya har taurari su mutu, sanyi ya gama ko'ina."

Tsohon ya lalubo gwiwar Tukur ya dafa.

"Kai ka hango wannan, Tukur?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Maza rubuta wa Surajo, mu ji ko daidai ne."

Tukur ya tashi ya ba awaki dusa. Bai rubuta ba. Tsohon ya yi ta jiran amsa har aka yanke dawa.